Karatun fiziks na jami'a kyauta a waya: abin da ya yi mana, da abin da ba zai iya ba

Rubutun yana da ɗan tsawo, mai uzuri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Tun da sakamakon JAMB na 2025 ya fito ake ta ja-in-ja a dandalin nan, har yau maganar ba ta mutu ba. Cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya hukumar ta fito ta ce an samu tangarɗar na'ura, kusan mutum dubu 380 aka ce su sake rubutawa. Amma kafin wannan bayani ya zo, mun riga mun yanke hukunci. Wasu suka ce waya ce ta kashe yara, a ƙwace. Wasu kuma, musamman matasa masu ɗokin zamani, suka ce ai makaranta ta zama tsohon yayi, komai yana YouTube, wanda bai koya ba shi ya so.

Ni dai ban yarda da ɓangare ko ɗaya ba, kuma ba da ka nake magana ba. Shekara uku ke nan ina bin darussan fiziks na matakin jami'a ta bidiyo, kyauta, daga ɗakina. Ina so in faɗi abin da na gani, mai daɗin da marar daɗin.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, digirina a fannin tattalin arziki yake, aikina kullum fayil da kasafi. A sakandare ɓangaren kimiyya na fara. Malamin fiziks ɗinmu ɗan bautar ƙasa ne, yana gama shekararsa ya tafi, aka yi zango biyu ba a kawo wani ba. Ɗakin gwaje-gwajen kuwa kullum da kwaɗo, ta taga muke leƙa kayan ciki. Haka da yawanmu muka tsallaka wani ɓangaren. Na san akwai ire-irena da dama a cikin masu karanta wannan.

Abin da ya dawo da ni shi ne yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya fara ran 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. 'Yar yayana marigayi tana hannuna, tana aji biyu a jami'a, fiziks take karantawa. Wajen wata na uku da zaman gida ta same ni ta ce, "Baffa, ni fa ina ga in an koma canja kwas zan yi, ko in haƙura gaba ɗaya. Abin da muka yi a aji ɗaya ma haddacewa na yi, yanzu duk ya gudu." A lokacin kuma 'yan'uwa sun fara kawo maganar tunda tana zaune ai gara a yi mata aure a huta. Ba na ƙin aure, amma ubanta ya bar mini wasiyyar karatunta. To ni ba malamin fiziks ba, kuɗin ɗaukar mai koyarwa a gida kuma babu. Sai waya.

Ga abin da muka tarar. Zan bar sunayen yadda ake rubuta su domin mai nema ya samu.

Jami'ar MIT ta Amurka ta sanar tun 2001 cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kyauta, shirin da ake kira OpenCourseWare. Ba bidiyo kaɗai ba, har da takardun aikin gida da tsofaffin jarrabawa, da yawa da amsoshinsu. Jami'ar Yale tana da kwas na Farfesa Ramamurti Shankar mai suna Fundamentals of Physics, kashi na farko lakca 24 ne da aka ɗauka a 2006, daga dokokin motsi na Niyuton har zuwa zafi da nazariyar Ayinstayin. A Indiya akwai NPTEL, wanda manyan cibiyoyin fasaharsu suka fara a 2003 da kuɗin gwamnati, inda za ka samu irin su Farfesa V. Balakrishnan na Madras. Wanda ya yi nisa akwai Leonard Susskind na Stanford. Littattafan nan uku na lakcocin Richard Feynman, waɗanda ya gabatar a Caltech tsakanin 1961 da 1963, su ma ana karanta su kyauta a shafin jami'ar. Wanda kuma lissafinsa ya yi rauni, Khan Academy za ta ɗauke shi tun daga tushe.

Ku tsaya ku yi tunani. Darasin da ɗan attajiri yake biyan dubban daloli ya zauna ya ji, shi ne yarinya take kallo a kan tabarma a tsakar gida. A zamaninmu littafi ɗaya mutum goma ke layi a kansa a laburare. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Sai kuma wanda ya fi kowa suna, Walter Lewin. Lakcocinsa na MIT na 1999 su suka fara ja mana hankali. Shi ne wanda ya rataye ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 15 da igiya, ya ja shi har haɓarsa, ya sake shi ya tsaya cak bai motsa ba. Ƙwallon ya je ya dawo, ya tsaya dab da haɓar bai taɓa shi ba, domin abu ba zai hau sama da inda aka sake shi ba matuƙar ba a tura shi ba. Amma dole in faɗi ɗaya gefen. A Disambar 2014 MIT ta cire lakcocinsa daga shafukanta, ta kuma janye masa matsayin girmamawa, bayan bincikenta ya same shi da laifin cin zarafin wata ɗaliba da yake mu'amala da ita ta intanet. Bidiyoyin suna nan wasu sun sake ɗorawa, kuma fiziks ɗin ciki daidai ne. Darasin da na ɗauka na ba 'yata shi ne: a kalli lakca, a yi aikin gida, amma ba a shiga hirar sirri da kowa, ko farfesa ne, ko ɗan ina ne. Iyaye a kula da wannan.

Tsarin da muka bi mai sauƙi ne. Da tsakar dare, lokacin da data ta fi araha, nake sauke lakca biyu ko uku a ƙaramin inganci. Bayan sallar isha'i mu zauna da littafin rubutu da biro. Lakcar awa ɗaya takan ci mana dare biyu, saboda duk inda malamin ya rubuta lissafi sai mu tsayar, ita ta gwada ƙarasawa kafin mu ga yadda ya yi. Inda Turancin ya yi sauri mu rage gudun bidiyon mu kunna rubutun ƙasa. Asabar da Lahadi kuma na aikin gida ne kawai, ba kallo. Ɗan kalkulas ɗin da na yi a tattalin arziki ya taimaka mini a farko, amma kafin wata biyu ita ke jana.

A nan ne nake son masu cewa "komai yana YouTube" su saurara. Gani ba ci ba. Malamin kirki yana sa abu ya yi sauƙi a ido, kana kallo kana gyaɗa kai, ka tashi kana jin ka gane. Sai an miƙo maka tambaya da farar takarda sannan gaskiya ta fito. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Farfesa Eric Mazur na Harvard ya ba da labarin yadda a farkon shekarun 1990 ya gano ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya, amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi da ke auna fahimta. Abin da ya sa ya canja salon koyarwarsa ke nan, ya koma sa ɗalibai suna muhawara da junansu a aji.

Bari in ba ku irin tambayar, da kayan gida. Tirela ta yi karo da adaidaita sahu, Allah Ya kiyaye. A lokacin karon, wanne ya fi dukan wani da ƙarfi? Na jefa ta a ofis, kusan kowa ya ce tirela mana, wannan ai ba tambaya ba ce. To dokar Niyuton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake, abin da tirela ta sauke wa adaidaita shi adaidaita ta sauke wa tirela. Bambancin yana wajen nauyi. Ƙarfi iri ɗaya in ya faɗa kan abu marar nauyi zai wurga shi, in ya faɗa kan mai nauyin tan talatin da ƙyar zai rage masa gudu. Cikin waɗanda suka ce tirela akwai waɗanda suka ci fiziks a WAEC, kuma za su iya karanto maka dokar da ka. Hadda daban, fahimta daban. Bidiyo shi kaɗai ba ya raba ka da wannan, sai ka yi gardama da wani, ka sha kaye, ka koma ka duba.

Gwaji ma mun ɗan taɓa da abin da ke gida. Muka ɗaure kwaɗo a zare mai tsawon mita ɗaya, muka rataye a ƙofar ɗaki, muka ɗan ja shi muka sake. Zuwa da dawowa goma ya ɗauki kusan daƙiƙa 20 a agogon waya, wato daƙiƙa 2 kowane zagaye. Ta sa a lissafi, sai ga ƙarfin jan ƙasa ya fito kusa da 9.8, lambar da ta shekara tana haddacewa ba ta san daga ina ta zo ba. Muka cire kwaɗon muka ɗaura dutse da ya fi shi nauyi, lokacin bai canja ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Baffa, ashe da gaske ne." Wallahi wannan kalmar ta biya ni kuɗin datar da na kashe.

Ni kuma me na samu, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya da ba jarrabawa zai zauna ba? Na farko dai na daina zama baƙo a maganar wuta. Lokacin da zan sa sola, mai haɗawar ya rantse mini batir ɗaya zai riƙe firji da fankoki har safe. Na ɗauki biro. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400. Irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan. In kayan gidanka suna jan wat 200, awa shida ce, kafin ma a cire abin da inbata ke ci. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ashe injiniya ne." Ba injiniya ba ne, darasin aji ɗaya ne. Mutum nawa aka sayar wa irin wannan alkawarin, batir ya mutu cikin shekara, suka ce ƙaddara ce?

Haka a Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda a duhu bayan manyan layukan wuta sun samu matsala. A majalisarmu kowa da fassararsa. Amma akwai ɓangaren da fiziks ke bayani ba tare da siyasa ba. Ana ɗauko wuta daga nesa a kan bolt dubu 330 ne saboda asarar da ake yi a waya tana bin yawan kwararar wutar ne ninki biyu: in ka rage kwararar da rabi, asarar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ba kowace waya ce za ta maye gurbin babban layi in ya faɗi ba. Sannan wutar ƙasa tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. In babbar tasha ko babban layi ya fita ba zato, sauran injuna sai nauyi ya yi musu yawa, gudunsu ya ragu, na'urorin kariya su kashe su ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace. Abin da ake kira durƙushewar babban layin ƙasa ke nan. Wanda ya san wannan, tambayar da zai yi wa hukuma daban take da ta wanda bai sani ba. Zai tambayi layi nawa ke kawo wa yankinsa wuta, kuma ina madadin in ɗaya ya faɗi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Kyautar nan ba kyauta ba ce ga kowa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne. Ni mai albashi, mai ɗan sola a gida, na ji a jikina. Ina ga ɗan manomi a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, kuma sai ya biya a yi masa cajin waya a kasuwa? Duk wanda ya ce wa wannan yaron "ai komai yana intanet" bai yi masa adalci ba.

Sai harshe. Duk lakcocin nan da Turanci ne, kuma an shirya su ne domin ɗalibin da ya zo da lissafi mai ƙarfi daga sakandare. Yaron da bai daidaita da aljabra ba, in ka ajiye shi gaban Shankar minti goma zai rufe, ya ce shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa. Alhali tsani ne aka cire masa matakan ƙasa.

Sai ɗakin gwaji. Zare da kwaɗo sun kai mu wani wuri, amma ba za su koya maka riƙe na'urar auna igiyar lantarki ba, ko yadda ake rubuta rahoton gwaji a fitar da kuskuren awo. Sai kuma wanda zai duba aikinka ya ce nan ka kauce. Bidiyo ba ya ganin takardarka. Daga ƙarshe, satifiket. Ni da nake zaune a ofis na san abin da ake dubawa ranar ɗaukar aiki da ranar ƙarin girma. Ba wanda zai tambaye ka lakca nawa ka kalla.

Shi ya sa nake jin tsoron wata magana da ta fara yawo, wai tunda ilimi ya koma waya, ba sai an damu da gyaran jami'o'i ba. Ni ma'aikaci ne, na san iyakata a magana, amma wannan kam zan faɗa. Lakcocin da muke kallo kyauta, jami'o'in da aka kashe wa kuɗi ne suka haife su. Akwai aji, akwai allo, akwai ɗakin gwaji da ma'aikatan da suka shirya kayan, akwai malamin da albashinsa ya ishe shi ya zauna ya yi tunani. Inuwar bishiyar da wasu suka shuka muke sha. Ba hujja ba ce ta barin tamu ta bushe.

Misalin Indiya ne ya fi tsaya mini a rai. Su ba su tsaya kallon na Amurka ba. Gwamnati ta sa kuɗi, aka ɗauki nasu malaman, bisa nasu manhajar, aka zuba wa duk ƙasa. Mu ma muna da malaman fiziks na gaske a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, na san wasu, ga ilimi ga iya bayani, amma iliminsu yana ƙarewa a bangon aji ɗaya. Me zai hana TETFund, ko gwamnatocin jihohi, ko ma attajiranmu masu gina abubuwan sadaka, su ɗauki nauyin naɗar darussan aji ɗaya da aji biyu na fiziks da lissafi da kimiyyar sinadarai? A yi da Turancin da za a yi jarrabawa da shi, a riƙa warwarewa da Hausa inda ya ɗaure, kamar yadda malamin kirki yake yi a aji in ya ga idon yara ya raina fata. A raba a katin memori da filas a makarantu da laburare, yadda ba sai da data ba. Mun iya wannan a karatun addini, karatun malamai yana yawo waya zuwa waya har ƙauyen da ba wuta. Hanyar tana nan, kayan ne ba mu ɗora mata ba.

Kafin a kai can, ga shawarata ga mai son farawa. Ka zaɓi kwas ɗaya ka bi shi daga lakca ta farko zuwa ta ƙarshe, ka bar tsalle-tsalle daga wannan malami zuwa wancan. In lissafi ya tare ka, ka koma baya ka gyara shi, ba abin kunya ba ne. Kada ka kalla ba biro a hannu. Kowace awa ɗaya ta kallo ka ba ta aƙalla awa biyu ta warware tambayoyi, kuma kada ka leƙa amsa sai ka yi gumi. Ka nemi abokin karatu ko da mutum ɗaya ne, wanda zai ce maka bai yarda ba. Ɗalibin jami'a kuma ya riƙe manhajar makarantarsa, domin malaminsa ne zai ba shi jarrabawa, bidiyon ƙari ne. Iyaye, maimakon ƙwace waya, ku zauna kusa da yaron ko na rabin awa ne ku ce ya yi muku bayanin abin da ya kalla da Hausa. In ya iya, ya gane. In ya kasa, kun san inda aka tsaya.

Mai tambayar yarinyar, ba ta canja kwas ba. Yanzu tana ajin ƙarshe tana fama da furojet, kuma 'yan ajinsu mata sukan taru a gidanmu ranar Asabar ta yi musu bitar abin da ya shige musu duhu. Har yanzu tana ƙorafin yawancin gwaje-gwajensu a takarda suke ƙarewa, kayan aiki ba su isa ba, kuma wannan ba abin da waya za ta yi a kai. Ni kuma ina kan kashi na biyu na Shankar, wajen lantarki da maganaɗisu, ina tafiya a hankali tsakanin aiki da hidimar gida. Gemu ba ya hana ilimi.

In akwai malamin fiziks ko lissafi da ya karanta har nan kuma yana da niyyar naɗar darasi da Hausa, ya yi magana. Ni ba ni da kuɗin kyamara, amma na iya rubuta takardar neman tallafi da tsara kasafi, aikina ke nan shekara da shekaru, kuma zan yi kyauta.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.